Takardar tsarin bikin ƙanwata, daga jerin sunaye zuwa madaba'a

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau da yamma aka zauna a ɗakin Umma aka raba ayyukan bikin ƙanwata, ni kuma aka ɗora min takardar tsarin biki, 'yar takardar nan da ake miƙa wa baƙo a bakin ƙofa domin ya san abin da za a yi da wanda zai yi shi. Saura kwana 47. Kafin in isa gida har amarya ta turo min hotuna tara na irin adon da take so, furanni a kusurwa, rubutu ruwan zinare. Na ce ta adana su, za mu zo kansu, amma ba zan taɓa launi ba sai na san kalmomin da za su zauna a shafi. Na taɓa riƙe takardar biki mai kyau kamar a rataye ta a bango, amma an rubuta sunan mahaifin ango ba daidai ba, kuma da wannan zancen mutane suka watse.

A saman shafin farko na littafin nan na rubuta tambaya ɗaya: wa zai riƙe takardar, me kuma yake so ya sani? Wadda ta faɗo min a rai Gwaggo ce, yayar Baba, da tabaraunta mai kauri. Idan ta iya karantawa daga inda take zaune ba tare da ta miƙa wa jikarta ba, to aikin ya yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tattara abin da zai shiga: sunayen ango da amarya da rana da wuri, gajeriyar maraba, jerin abubuwan da za a yi, sunayen iyaye da masu hidima, sai godiya.

Batun lokaci ne ya ɗan tsayar da ni. Kawu ya ba ni jadawali da aka yanka minti biyar-biyar, kaza ƙarfe 11:05, kaza ƙarfe 11:10. A wurin mai gabatar da taro wannan yana da amfani, amma a hannun baƙi fiye da 200 ya zama alkawarin da ba za mu iya cikawa ba. Da zarar jawabi ɗaya ya zarce, duk sauran layukan sun zama ƙarya, kowa kuma yana kallon agogo. Na ce masa, "Kawu, a bar min lokaci uku kawai a takardar baƙi: isowa, buɗe taro, da rufewa. Sauran a jera su bi da bi." Ya yi shiru kaɗan, ya ce to, amma in buga masa nasa mai mintoci daban. Na amince, dama shi ya fi buƙatarsa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yinin yau duka a kan sunaye ya ƙare, kuma ban yi nadama ba.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba zan rubuta sunan kowa daga ka ba, ko da na tashi ina jin sunan tun ina goye. Kowa zai turo nasa a rubuce, yadda yake so ya fito, da laƙabi ko babu. Mutum 23 na tuntuɓa. Abin da ya dawo ya nuna min dokar ta yi rana: mutum biyu masu suna ɗaya, ɗaya yana ninka harafin tsakiya, ɗaya ba ya ninkawa. Wata ƙawar amarya ta koma amfani da sunan mijinta, ni kuwa da na mahaifinta na san ta. Wani dattijo a dangin ango ya ce kada a saka masa muƙaminsa na wurin aiki ko kaɗan, ya zo ne a matsayin uba. Da na bi zato, da na yi kuskure uku a shafi guda.

Sai sunan Baba. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Na rubuta layin na goge ya fi sau biyar. Da farko na kai shi can ƙarshe, ƙarƙashin waɗanda muke tunawa da su, sai na ga kamar na cire shi daga cikin iyayen amarya, alhali shi ne ubanta jiya da yau. Na je na sami Umma tana ninke kaya, na ce, "Umma, ina kike so a saka Baba?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "A inda ake saka uban yarinya. Ki sa marigayi a gaba, shi ke nan." Haka na yi. Sunansa yana kusa da nata, a shafin iyaye, da girman harafi ɗaya da na mahaifin ango. Ba zan yi masa akwati ko baƙin layi a kewaye ba. Ranar farin ciki ce, kuma yana cikinta.

Tsarin jerin ma sai da na yi tunani a kai. Iyaye da kakanni na jera su bisa girma, dangin amarya a hagu, na ango a dama, layi daidai da layi don kada wani ɓangare ya zauna a saman wani. Ƙawaye da abokai kuwa na bi jerin abacada, kuma zan rubuta hakan da ƙaramin harafi a ƙasa, domin kada wata ta ƙirga ta ga ta zo ta shida ta ɗauka matsayinta ke nan a zuciyar amarya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na je madaba'a da rubutuna a hannu, shafi shida. Mai ɗab'in, dattijo mai haƙuri, ya ɗauki farar takarda ya ninka biyu ya ce, "Malama, ƙirga." Na ƙirga fuska huɗu. Ya ce duk littafin da aka ninka aka ɗinke a tsakiya da waya, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya: 4, 8, 12. Shida ba ta shiga. Ko in matse rubutun ya koma huɗu, ko in buɗe shi ya kai takwas. Na tuna Gwaggo, na zaɓi takwas, domin matsewa tana nufin ƙanƙanta harafi.

Girman da za mu yi shi ne A5, wato A4 da aka ninka biyu. A4 tana da milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo, A5 kuma 148 da 210. Ya nuna min hikimar da ke cikin wannan awo: duk sanda ka ninka takardar biyu, siffarta ba ta sauyawa, ƙanƙancewa kawai take yi. Tsarin ya samo asali ne a Jamus a 1922, daga aikin wani injiniya mai suna Walter Porstmann, daga baya ya zama ma'aunin duniya da ake kira ISO 216. Babbar cikinsu, A0, faɗinta murabba'in mita ɗaya ne, A4 kuma kashi ɗaya ce cikin 16 nata. Daga nan na gane abin da lambar nauyin takarda take nufi. Idan aka ce takarda mai giram 80, ana nufin nauyin murabba'in mita ɗaya nata, don haka fallen A4 na takardar ofis giram 5 ne kacal.

Ya baza min samfura a kan tebur na taɓa ɗaya bayan ɗaya. Mai 80 tana nuna inuwar rubutun baya idan ka ɗaga ta ga haske. Na tsayar da mai 120 don ciki, mai 250 don bango. Mai sheƙi na ajiye ta gefe, saboda da na karkata ta ƙarƙashin fitila sai hasken ya haɗiye rubutun, kuma biro ba ya kama ta sosai idan wani ya so ya rubuta wani abu.

Ya ƙara min da abu ɗaya da ban taɓa sani ba. Takarda tana da yadda zarenta ya kwanta, kamar itace. Idan aka ninka ta bin kwanciyar zaren sai ta bi lafiya, idan aka gitta sai bakin ninkin ya tsattsage, musamman mai kauri. Shi ya sa za su danna wa bangon layi da inji kafin a ninka. Na rubuta a littafina in duba wannan ranar karɓa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Samfurin haruffa. Wanda amarya ta zaɓa mai lanƙwashe-lanƙwashe ne kamar rubutun hannu, kyakkyawa ƙwarai. Da na buga "Isowar baƙi" da shi sai ƙ ɗin ta fito da wata siffa daban, ta fi maƙwabtanta kauri, ta tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙuwa. Dalili shi ne samfurin ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, sai kwamfuta ta aro daga wani. Amarya ta ce, "Yaya, ki sa k kawai mana, kowa zai gane." Na ce a'a. Baƙi daban, baki daban. Ƙanwa daban, kanwa daban. Takardar da za a ajiye a cikin akwati shekara da shekaru ba zan rubuta ta da rabin harshe ba.

Na gwada samfura da jimla guda da na haɗa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, domin wani samfurin yana da ƙananan amma babu Ɓ da Ɗ da Ƙ. Noto Serif na kamfanin Google ya cika su duka, haka Gentium da Charis na ƙungiyar SIL, waɗanda dama an zana su ne don harsuna masu irin waɗannan haruffa. Na ɗauki Gentium don jikin rubutu. Mai lanƙwasar na bar wa sunayen ango da amarya a bango kaɗai, tunda babu mai ƙugiya a cikinsu. Ta ji daɗin wannan.

Wani ƙaramin abu da sai an sa ido: alamar da ke gaban 'ya da 'yan'uwa. Manhajar rubutu tana ɗaukarta a matsayin buɗe zance idan ta zo a farkon kalma, sai ta juya ta baibai. Na bi su ɗaya-ɗaya na gyara, guda 11.

Da la'asar na tafi gidan Gwaggo da shafi uku, rubutu ɗaya, girman harafi uku: 10 da 12 da 14. Ta zauna a bakin taga ta sa tabarau. Na 10 ta kai shi kusa da hanci ta dawo da shi. Na 12 ta karanta tana tsayawa. Na 14 ta zuba shi tiryan-tiryan har ta kai sunan ƙaninta, ta tsaya, ta ɗora yatsa a kai. Ta ce, "Wannan za ki yi, 'yar nan." Jadawali da sunaye za su fito da 14, godiya da 12.

Talata, 21 ga Oktoba

Hoton bango da ango ya turo ta WhatsApp ya yi kyau a waya, amma manhajar ta matse shi. Ɗab'i mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wanda a shafin A5 ya kama kusan fiksel 1750 a faɗi da 2480 a tsawo. Nasa bai kai rabi ba. Na roƙi mai hoto ya turo na asali a matsayin fayil, ya turo da daddare.

Litinin, 27 ga Oktoba

Mun yi doguwar magana da amarya a kan ruwan zinare. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ya sa komai yake walƙiya. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, waɗanda ake taƙaitawa da CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. A cikinsu babu mai ƙyalli. Abin da take gani zinare a waya zai sauka a takarda rawaya mai duhu, kusa da ruwan ƙasa. Zinare mai ƙyalli na gaske wani siririn falle ne da ake mannawa da zafi da tambarin ƙarfe, aiki ne daban mai cin kwanaki. Kuma ko da mun yi, rubutu rawaya a kan takarda ruwan madara wahala ce ga ido.

Ranta bai so ba, na gani a fuskarta, kuma ban ga laifinta ba, ta daɗe tana hango abin. Muka daidaita a kan furannin kusurwa da siririn layi su ɗauki wannan launi, rubutu kuma ya zama baƙi. Baƙin ma tawada ɗaya zalla, ba haɗin huɗu ba, domin idan farantin da ke buga launi ɗaya ya goce ko da gashin kai ne, ƙananan haruffa sai su yi dishi-dishi.

Furannin sun kai har bakin takarda, don haka na ƙara musu rarar milimita 3 a kowane gefe. Wuƙar yanka ba ta sauka daidai wuri ɗaya a kowane tari, rarar ce take hana farin zare fitowa a baki. Rubutu kuma na janye shi ciki sosai.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na ninka falle biyu na saka ɗaya cikin ɗaya, na rubuta lambar shafi da fensir, sannan na warware su. Shafi na 8 yana zaune kusa da na 1, na 2 da na 7, na 6 da na 3, na 4 da na 5. Kowane biyu idan aka haɗa 9 suke bayarwa, hanya mai sauƙi ta gane ko an jera daidai. Na 4 da na 5 kaɗai ne maƙwabta a falle guda, nan ne kuma littafin yake buɗewa da kansa, don haka na mayar da jadawali can. Mai ɗab'i ya ce in kawo shafukan a jere daga 1 zuwa 8, jerawar aikinsu ce.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Samfurin gwaji ya fito, gabana ya faɗi. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai ƙaramin akwati fanko. Fayil ɗin manhajar rubutu na kai musu, kwamfutarsu kuma ba ta da samfurin haruffan da na yi aiki da shi, sai ta musanya da nata. Na dawo gida na fitar da shi a PDF, na tabbatar haruffan suna ƙunshe a cikin fayil ɗin, na buɗe shi a wayoyi biyu da wata kwamfuta da ba tawa ba. Gwaji na biyu ya fito tsaf. Da a ce na yarda an wuce kai tsaye ba gwaji, kamar yadda wani yaron shagon ya ba ni shawara don a rage kwana, da kwafi duka sun fito haka.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na karanta gwajin da ƙarfi, sannan daga ƙarshe zuwa farko kalma-kalma, don ido ya daina cike giɓi da kansa. Na ɗauko kalanda na tabbatar 22 ga Nuwamba Asabar ce. Sai na aika hoton kowane shafi ga yayar ango, domin idona ya san danginmu ne kawai.

Ba a yi awa ɗaya ba ta kira. "Yaya, ina kakarmu ta wajen uwa?" Babu ita. Ba ta cikin jerin da aka ba ni tun farko, tsohuwar kuma tana raye, za a kawo ta wurin taron a zaunar da ita a sahun gaba. Na zauna shiru ina tunanin a miƙa mata takarda, a karanta mata sunan kowa, nata babu. Na gode wa yayar ango har sau uku. Na saka sunan, na gyara tazarar layuka domin ɓangarorin biyu su sake daidaita.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na sa hannu a kan gwaji na ƙarshe, da kwanan wata. Fayil ɗin ma kwanan wata ne sunansa, na kwashe tsofaffin na kai wata jaka daban.

An gayyaci mutum 240, na ce a buga 260. Wasu sun ce ma'aurata za su iya haɗa ɗaya, amma ba na so mai tsaron ƙofa ya tsaya yana zaɓen wanda zai ba.

A bayan bango na saka lambar QR, murabba'in nan mai ɗige-ɗige da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun kayan mota. Da farko taswirar wurin taro aka ce in saka, sai na ga wanda takarda ta kai hannunsa ai ya riga ya iso. Tamu za ta kai mutum inda zai ajiye hotunan da ya ɗauka. Na yi ta santimita biyu da rabi, na bar mata farin fili a kewaye don furanni kada su taɓa ta, na gwada da tsohuwar wayar Umma a ɗaki mai ƙarancin haske, ta kama.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Baffa ya kira yana so a ƙara wani amininsa cikin masu jawabi. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, takarda ta riga ta hau inji." Na ji nauyin faɗar haka. Mun shirya da Kawu ya saka shi a takardarsa mai mintoci, ya gabatar da shi da baki, da cikakken sunansa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na karɓo, kwali biyu. Ban bar wurin ba sai da na zaro daga sama da tsakiya da ƙasan kowane kwali. Bakin ninki lafiya, babu tsagewa. Wayar ɗinki tana kan layi. Guda shida na ware, yankan ya karkace, saura 254.

Na kai wa Umma ɗaya. Ta goge hannu a zaninta kafin ta karɓa. Ba ta tsaya kan hoto ba, ta buɗe shafi na 3 ta daɗe a wurin, sannan ta rufe ta saka ƙarƙashin matashinta.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Na ɗaure su 25-25 da zare mai laushi, don roba tana lanƙwasa baki. Ƙofa biyu ce, yara biyu a kowace. Na nuna musu su miƙa da bango yana kallon mai karɓa, kuma su fara ajiye ɗaya a kan kowace kujera ta sahun gaba kafin dattawa su iso. Guda goma na ɓoye a jakata don ango da amarya.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Jiya an buɗe taro minti 20 bayan lokacin da muka rubuta, an rufe kusan a kan kari. Na hango jikan kakar ango durƙushe a gefenta yana nuna mata layi da yatsa, tana gyaɗa kai. Da aka watse na zagaya kujeru na tsince waɗanda aka bari, 31, na haɗa da 19 da suka rage a ƙofa.

Da safen nan Gwaggo ta aiko jikarta. Tana son guda uku, za ta aika wa 'yan'uwan Baba da ba su samu zuwa ba. Na zaɓi waɗanda ba su lanƙwashe ba na saka mata a ambulan.